Darasi: Farmin da aka bari a gida ba ya ceton direba a hanya

Lokacin fitar albasa ya zo. A irin wannan lokaci motoci da babura ba su hutawa tsakanin ƙauyukan Urno da kasuwannin Madawa, Tumfafi, Sabon Gida da Galmi. Wasu kuma sukan bi hanyar Buza da Keita har Tawa. Duk wanda ya hau waɗannan hanyoyi ya san akwai wuraren da jandarma ko ƴan sanda ke ɗaga hannu su ce: «Tsaya, kawo takardu.» Darasinmu na wannan karo a kan ɗaya daga cikin takardun nan yake, wato takardar izinin tuƙi. Mu a nan muna kiranta farmi, ƴan'uwanmu na Najeriya kuma suna kiranta lasin.

Muna roƙon malaman cibiyoyin yaƙi da jahilci su karanta wannan darasi tare da ɗalibansu, sashe bayan sashe. Wanda ba direba ba ma ya saurara, domin kayansa da iyalinsa a hannun direba suke.

1. Mene ne farmi?

Farmi shaida ce daga hukuma cewa mutum ya kai shekarun tuƙi, ya koyi dokokin hanya, an jarraba shi ya ci, kuma likita ya duba lafiyarsa. A jikinsa akwai sunan mai shi, da ranar haihuwarsa, da hotonsa, da lamba, da ranar da aka ba shi. Akwai kuma haruffa masu nuna irin abin hawan da aka yarje masa ya tuƙa. Ga ma'anarsu:

A: babur.
B: ƙaramar mota, wadda nauyinta da kayanta bai wuce kilo 3,500 ba, kujerunta kuma ba su wuce takwas ba ban da ta direba.
C: babbar motar kaya, wadda ta wuce kilo 3,500.
D: motar ɗaukar mutane mai kujeru fiye da takwas.
E: mota mai jan tirela.

Ɗalibai su lura: harafin C da muke karantawa a kalmar «ciki», shi ne direbobi ke kira «se» da lafazin Faransanci. Harafi ɗaya ne, kira ne ya bambanta.

Waɗannan haruffa ba a Nijar kaɗai ake aiki da su ba. Suna cikin yarjejeniyar dokokin hanya da ƙasashen duniya suka ƙulla a birnin Biyana a 1968, wadda Nijar ta shiga. A cikin gida kuwa, ƙasarmu ta yi dokar hanya tun 1963, aka kuma sake sabuwa a watan Nuwamba na 2014. Akwai hukuma ta musamman mai kula da kiyaye haɗurran hanya, ana kiranta ANISER.

Mai farmin B da ya hau babbar motar albasa, a idon doka ba shi da farmin wannan mota. Mai farmin babur kuma ba shi da izinin jan motar kasuwa. Kowane harafi da iyakarsa.

2. Laifi biyu ne, ba ɗaya ba

Mutane da yawa suna haɗa abubuwa biyu da doka ta raba. Ya kamata mu rarrabe su.

Na farko: mutum yana da farmi na gaskiya, amma ya bar shi a gida, ko cikin aljihun wata riga, ko wurin maigidansa. Laifinsa shi ne rashin nuna takarda lokacin da ma'aikaci ya nema. Wannan yana cikin ƙananan laifuffukan hanya, hukuncinsa tara ce.

Na biyu: mutum bai taɓa samun farmi ba, ko an karɓe masa shi bisa hukunci, ko kuwa farminsa bai dace da motar da yake tuƙawa ba. Wannan babban laifi ne. Maganarsa takan wuce bakin hanya ta kai gaban shari'a. Tararsa ta fi nauyi nesa ba kusa ba, ana iya kai motar wurin da hukuma ke tsare motoci, wanda direbobi ke kira furyar, mai laifin kuma yana iya fuskantar ɗauri.

Akwai na uku da ya fi su duka muni: riƙe farmin jabu, ko tuƙi da farmin wani. Wannan ya fita daga laifin hanya ya shiga laifin ƙirƙirar takardun hukuma da yin aiki da su.

To ga inda gizo ke saƙa. A bakin hanya, ma'aikaci ba ya da hanyar sanin ko direba na cikin kashi na farko ne ko na biyu. Wanda ya manta yakan ce: «Wallahi ina da shi, yana gida.» Wanda bai taɓa samu ba shi ma haka yake faɗa. Rantsuwa ba ta raba su, takarda kaɗai ke raba su. Saboda haka, har zuwa lokacin da aka kawo farmin aka gani, mai gaskiya yana tsaye wuri ɗaya da marar gaskiya, rana ɗaya ke dukansu.

3. Abin da ke faruwa idan an tsayar da mota

Ban da farmi, akwai takardun da ke tafiya tare da mota: takardar mallaka wadda direbobi ke kira kat-giris, da takardar asiransi, da takardar bizit mai nuna an duba lafiyar motar, da binyat mai nuna an biya harajin shekara. Motar haya da ta kaya suna da ƙarin takardun sufuri. Direba kuma ya riƙe katin ɗan ƙasa.

Idan farmi ya rasa, ma'aikaci yana iya rubuta tara, yana iya kuma tsayar da motar har a kawo takardar, ko a kawo wani direba mai farmin da ya dace. Ga abin da muke ba da shawara a yi:

Na ɗaya, a tsaya a gefen dama, a kashe mota, a yi sallama. Gudu daga wurin bincike wani laifi ne dabam, ya fi rashin takarda nauyi, kuma yana jawo haɗari.

Na biyu, a faɗi gaskiya tun farko. In farmi yana gida, a faɗi inda yake da wanda zai kawo shi.

Na uku, a tambayi sunan laifin da aka rubuta. Adadin tara doka ce ta tsara shi, ba ciniki ba ne irin na kasuwar dabbobi.

Na huɗu, in an biya, a karɓi kitansi. A karanta adadin da ke jikinsa, da ranar, da hatimi. Kitansi shi ne shaidar cewa kuɗin ya shiga baitulmalin ƙasa, shi ne kuma zai kare direba in an sake tambayarsa a gaba.

Na biyar, in an riƙe wata takarda, a nemi rubutacciyar shaida mai nuna abin da aka riƙe da ofishin da za a je karɓa.

Wasu direbobi sun saba naɗe ɗan kuɗi su miƙa don a bar su su wuce. Mu sani wannan cin hanci ne, doka tana hukunta mai bayarwa da mai karɓa. Kuma ba ya ƙarewa: wanda ya saye shinge ɗaya da safe, akwai wani shingen yana jiransa da azahar. In ya tara abin da ya miƙa cikin shekara, zai tarar ya biya kuɗin koyon tuƙi, amma har yanzu ba shi da farmi.

4. Yadda abin yake a wasu ƙasashe

Wannan rarrabewa ba tamu kaɗai ba ce. Mu duba ƙasashe biyu.

A Faransa, inda dokokinmu da yawa suka samo tushe, wanda ya manta farminsa yana biyan yuro 11, wato jika 7 da ɗan ɗori a kuɗin sefa. Ana ba shi kwana biyar ya kai farmin ofishin ƴan sanda ko na jandarma. In bai kai ba, tarar ta koma yuro 135, wato wajen jika 88. Wanda ba shi da farmi sam kuwa, kotu tana iya ɗaure shi shekara ɗaya, ta kuma ci shi tarar da ta kai yuro 15,000, kusan miliyan 10 na sefa. Ku dubi tazarar da ke tsakanin jika 7 da miliyan 10. Wannan tazara ita ce ke tsakanin mantuwa da rashi.

A Najeriya, inda fatakenmu ke shiga ta Ƙonni su wuce Illela da Sakkwato, akwai hukumar kiyaye haɗurra mai suna FRSC, wadda aka kafa a 1988. Jadawalin tara da ke cikin dokarta ta 2007 ya sa naira 10,000 a kan laifin lasin. Duk mai niyyar ƙetare iyaka da mota ya tambayi takardun da ake bukata tun kafin ya tashi. A gida, ɗan'uwa yana iya kawo maka farmi a kan babur. A ƙasar wani, wa zai kawo?

5. Tarar da ba a rubutawa a kitansi

Mu manoma, tarar hukuma ita ce ƙaramar asararmu. Babbar asarar tana cikin lokacin da mota ta yi a tsaye.

Albasa ba ta jira. Wadda aka cire daga fadamun Tarka da Majiya a watannin Maris da Afrilu, a tsakiyar zafi take tafiya. In tana cikin buhu, an jibga wani kan wani, rana na duka, iska ba ta ratsawa, sai ta yi gumi ta fara ruɓa daga ciki. Tumatir da kabeji da salati ma sun fi ta saurin lalacewa. Dabbobin da aka ɗora a mota kuwa, in sun wuni ba ruwa ba ciyawa, sukan rame a idon mai saye, wani lokaci har a rasa wata. Kasuwa kuma rana ɗaya take ci. In manyan motoci masu zuwa Gana da Kodebuwa sun cika sun tashi, wanda ya zo bayansu sai ya sayar yadda dillali ya ga dama.

Ga misali na aji, domin mu yi lissafi tare. Mu ɗauka manoma sun haɗa buhu 40 a mota ɗaya, kowane buhu yana jika 15 a ranar kasuwa. Direba ya bar farminsa a ƙauye, motar ta kwana biyu a tsaye. Da aka sauke, buhu 4 sun ruɓe. Sauran 36 kuma, kowane ya faɗi da jika ɗaya.

Buhu 4 sau jika 15: jika 60.
Buhu 36 sau jika 1: jika 36.
Jimla: jika 96.

Ba mu sa kuɗin tara ba, ba mu sa kuɗin babur ɗin da aka tura ɗauko takarda ba, ba mu sa abincin masu jira ba. Kuma wannan asara ba direba ke ɗaukarta ba. Wanda ya yi wata huɗu yana ban ruwa, ya sayi iri da taki da man famfo, wataƙila ma da bashi, shi ke ɗauka. Don haka mai kaya yana da haƙƙin ya tambayi direba tun kafin a fara lodi: «Malam, farminka yana jikinka?» Wannan ba raini ba ne, kiyaye dukiya ne.

Akwai kaya da ya fi albasa daraja. Mace mai naƙuda da aka ce a kai ta asibitin Madawa, ko yaron da zazzaɓin cizon sauro ya sa yana suma, ko manomin da maciji ya sara. A irin wannan dare babu mai natsuwar neman takarda cikin akwati. Kowane jinkiri a hanya daga ran majinyaci ake cire shi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Duk mai mota ko babur da gari ke dogara da shi wajen kai marasa lafiya, takardunsa su kwana a wuri ɗaya da makulli.

6. Maganar asiransi

Wannan sashe yana da ɗan nauyi, a karanta shi sau biyu.

Nijar tana cikin ƙasashen Afirka masu aiki da dokar asiransi ɗaya, wadda ake kira dokar CIMA. An sa hannu a yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, ta fara aiki a 1995. Aya ta 200 ta wajabta wa duk mai abin hawa mai inji ya yanki asiransi, domin in ya yi wa wani ɓarna, kamfani ya biya diyya a madadinsa.

Amma aya ta 207 ta yarje wa kamfani ya rubuta sharaɗi a cikin yarjejeniya cewa ba ya ɗaukar nauyi in direban da ya yi haɗarin bai kai shekaru ba, ko ba shi da farmi mai aiki. Aya ta 210 kuma ta ce wannan sharaɗi ba ya hana wanda aka ji wa rauni haƙƙinsa. Kamfani zai biya shi, ko ya biya magadansa. Bayan haka kamfanin yana da ikon juyowa kan wanda ke da alhakin haɗarin ya ce: «Mayar mini da abin da na biya.»

Mu fassara wannan da harshen gida. Magidanci ya sayi mota da kuɗin albasa na shekaru, ya yanki asiransi, sai ya miƙa makulli ga ɗansa ko yaron motarsa wanda ba shi da farmi. Aka yi haɗari, aka rasa rai. Diyyar rai da kuɗin jinya suna iya kaiwa miliyoyi. Kamfani ya biya, sannan ya dawo neman kuɗinsa. Daga ina za su fito? Daga gona, daga garke, daga rumbu. Ban da haka, dokar hukunta laifuffuka tana kama wanda ya kashe ko ya raunata mutum ta hanyar sakaci ko ƙin bin ƙa'ida, ko da bai yi niyya ba.

A nan ma bambancin da muka yi a sashe na 2 yana aiki. Wanda ke da farmi na gaskiya amma ya bar shi a gida, asiransinsa bai faɗi ba, sai dai zai sha wahalar kawo shaida. Wanda ba shi da shi kuwa, ya sayi takardar asiransi amma ya rushe kariyarta da hannunsa.

7. Farmi takardar lafiya ce

Wani zai ce me ya kawo maganar farmi a shafin lafiya da noma? Ga amsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa mutane kimanin miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya. Shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. In aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen, alhali motocinta ba su kai na sauran yankuna ba. Matasan nan su ne masu riƙe da hauya da galma. Ƙafar da ta karye a watan Yuni, gonar gida ce ta karye a wannan damina.

Kafin a ba da farmi, ana neman takardar likita. Mafi muhimmanci a nan shi ne ido. Mutum yana iya samun yanar ido ko hawan jinin ido bai sani ba, yana ganin gabansa amma ba ya ganin gefe, ko kuwa fitilar mota ta makantar da shi da dare. Akwai kuma farfaɗiya, da ciwon suga, da hawan jini, waɗanda ke iya kayar da mutum yana riƙe da sitiyari. Wanda ya tsallake likita ya tsallake wannan kariya.

A wurin koyon tuƙi ne kuma ake koyon abubuwan da ba a koya a tasha. Misali: hukumar da muka ambata ta nuna cewa hular kwano mai kyau tana rage haɗarin mutuwar mai babur fiye da ninki shida. Mai magana da waya yana tuƙi kuwa, haɗarinsa ya ninka kusan sau huɗu. Ƙwayar taramol da wasu matasa ke sha don kada su gaji tana rage hankali, tana kawo jiri, tana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Barci ba shi da magani sai barci.

Mun sha jin ana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne rai a hannun Allah yake. Amma manomin da ya yarda da ƙaddara bai fasa yi wa garkarsa shinge ba. Rigakafi ya fi magani.

8. Dalilan da ake bayarwa, da amsarsu

«Ina tsoron ya ɓata.» Farmin da ya ɓata ana sake shi. Wanda ke kwance cikin akwati kuwa ba ya amfanin kowa, kuma gara da ɓera ba su san hatimin hukuma ba.

«Nan kusa za ni.» Doka ba ta ƙidaya kilomita. Haɗari kuma ba ya tambayar nisan tafiya.

«Maigida ke riƙe takardu.» Farmi na direba ne, sunansa da hotonsa ke ciki. Takardun mota kuma tare da mota suke tafiya. Maigidan da ya kulle su a gida don kada yaro ya gudu da mota, ya jefa motarsa da kayan mutane cikin wahala.

«Na ba da shi jingina.» Kada a yi haka ko kaɗan. Wanda ya jinginar da farminsa ya jinginar da sana'arsa, da me zai biya bashin?

«Ina da hotonsa a waya.» Hoto da fotokwafi suna da amfani ranar da aka je neman wani, amma ba su maye gurbin na asali a gaban ma'aikaci.

«Na fi shekara ashirin ina tuƙi, ba wanda ya koya mini.» Ba mu musa gwaninta ba. Amma gwanin da ba shi da shaida, ranar shari'a gwanintarsa ba ta yi masa magana. In ya ƙware, jarrabawa ba za ta gagare shi ba.

9. Yadda ake adana farmi

A sa shi cikin leda mai kauri ko ƴar jaka, domin gumi da ruwan sama da man inji suna goge rubutu. A haɗa shi da katin ɗan ƙasa da katin rukunin jini, in akwai. A ɗaura jakar a makulli ko a rataya ta a wuya ƙarƙashin riga. Kada a bar takardu a gaban gilashin mota, rana tana cinye su.

A yi fotokwafi, a kai ofishin magajin gari a buga masa hatimi, a ajiye a gida cikin gwangwani mai murfi. A rubuta lambar farmi da ranar da aka ba da shi a littafin da ake rubuta lissafin gona.

A duba ko akwai ranar ƙarewa a jikin kowace takarda. Asiransi da bizit da binyat duk suna da wa'adi. Direbobin manyan motoci kuma su kula da lokacin komawa wurin likita don sabunta farminsu. A nan ne karatu ke biyan mai shi: wanda ya iya karanta rana da wata da shekara ba ya jiran ma'aikaci ya gaya masa takardarsa ta mutu.

In farmi ya ɓata ko an sace, a je ofishin jandarma ko na ƴan sanda mafi kusa ba tare da jinkiri ba, a ba da sanarwa, a karɓi takardar shaidar ɓata. Da ita da fotokwafin nan da hotuna za a je ofishin sufuri na jiha a Tawa a nemi wani.

10. Wanda ba shi da farmi fa?

Hanya ɗaya ce. Ya tanadi takardar haihuwa, da katin ɗan ƙasa, da hotuna, da takardar likita. Wanda ba a yi wa takardar haihuwa ba, ya tuntuɓi ofishin magajin gari a nuna masa yadda ake samun ta ta hannun alƙali. Sannan ya yi rajista a makarantar koyon tuƙi da hukuma ta yarda da ita, ya zauna jarrabawar dokokin hanya da ta tuƙi. Farmin B sai mai shekara 18, na manyan motoci kuma yana bukatar ƙarin shekaru.

A yi hattara da masu cewa: «Kawo kuɗi da hoto, zan kawo maka farmi har gida.» Araha ba ta ado. Takardar da ba ta da tushe a rajistar hukuma, ranar da aka bincika, mai riƙe da ita za a kama, dillalin kuwa ya daɗe da ɓacewa.

Kuɗin koyo yana da nauyi ga mutum ɗaya. Ƙungiyoyin manoman albasa da ƴan adashi suna iya ɗaukar nauyin matashi ɗaya ko biyu a shekara, bayan an sayar da amfani, su biya a hankali. Garin da ke da direba mai farmi ya samu mai kai kayansa kasuwa da majinyatansa asibiti ba tare da fargaba ba. Iyaye kuma kada su miƙa wa yaro ƙarami babur don aike. Ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba, hankalinsa bai kai hanya ba.

Masu amalanken jaki da na shanu ba a neman farmi a wurinsu, amma hanya ta kowa ce. Su bi gefen dama, su manna abin da ke ƙyalli a bayan amalanke, kada su bar yara su kaɗai a kan kwalta bayan magariba.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Mene ne bambanci tsakanin wanda ya manta farminsa da wanda ba shi da farmi?
2. Wane harafi ne ya kamata a gani a farmin direban babbar motar albasa?
3. Me ya sa ake karɓar kitansi bayan an biya tara?
4. In direba marar farmi ya yi haɗari, wa kamfanin asiransi zai nema ya mayar masa da kuɗinsa?
5. Lissafi: mota ta ɗauki buhu 60, kowane jika 12. Buhu 5 suka ruɓe saboda jira. Nawa aka yi asara? Nawa sauran za su kawo in farashi bai faɗi ba?
6. Rubutu: kowane ɗalibi ya rubuta sunayen takardu biyar da ke tafiya tare da mota da direbanta.

Aikin gida: duk mai mota ko babur a gidansu, ya ɗauko takardun, ya karanta ranar ƙarewar kowace, ya rubuta a littafinsa, ya kawo aji mako mai zuwa. Wanda ya ga wata ta kusa ƙarewa, ya sanar da mai abin hawan tun yau.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a amfanin gona, ya kai kowa gidansa lafiya.